Hannu a Kan Tsirkiya, Umarni a Ƙafa: Zaɓe da Ƙera Allon Ƙafa da Lufa na Amfilifayar Jita

A watan Yunin 2017, mawaƙin Ingila Ed Sheeran ya rufe bikin kiɗa na Glastonbury kusan duk wasan shi kaɗai a kan babban dandamali. Babu mai ganga a bayansa, babu mai bes, babu masu karɓa masa waƙa. Jita ce rataye a wuyansa, sai wani allo mai makunnai a gaban ƙafarsa. Duk da haka, abin da ke fita daga lasifika kiɗan cikakken rukuni ne: ga bugu, ga jita a kan jita, ga muryoyi jere. Wasu da suka kalla ta talabijin suka zarge shi da kunna kiɗan da aka naɗa tun daga gida, har sai da ya fito ya yi bayani cewa duk abin da aka ji nan take ya kaɗa shi, na'urar da ke ƙasan ƙafarsa ce ke naɗewa tana maimaitawa.

Wannan na'ura ita ce lufa. Ita da ɗan'uwanta allon ƙafa, wanda makaɗi ke takawa ya sauya sautin amfilifaya, su ne kayan da ake yawan bari sai ƙarshe idan an zo sayayya, bayan kuɗi ya ƙare a kan jita da amfilifaya. Wannan kuskure ne mai tsada. Amfilifayar dijital ta yau tana ɗauke da sautuka ɗaruruwa, amma a gaban jama'a sautin da ƙafa za ta iya kaiwa gare shi cikin ƙiftawar ido shi kaɗai ne na makaɗi. Sauran duk ajiya ce.

Daga bawul zuwa kwamfuta

Amfilifayar da, mai bawul na gilashi da ke ɗaukar zafi, sauti ɗaya ko biyu take da shi. Makunnin ƙafarta ma bai wuce ɗaya ko biyu ba: a taka a koma sauti mai gurnani, a sake takawa a dawo sauti garau. Mai son ƙari sai ya sayi ƙananan feda, kowace da aikinta, ya jera su a ƙasa ya haɗa da wayoyi. Zuwa shekarun 1970 jerin ya yi tsawo har ya zama matsala, domin sauya sauti ɗaya kan buƙaci taka feda uku ko huɗu a lokaci guda. A Ingila, Pete Cornish ya riƙa haɗa wa manyan makaɗa irin su David Gilmour da Brian May alluna na musamman. A Amurka, cikin shekarun 1980, Bob Bradshaw ya yi suna da tsarin da ke barin na'urorin a bayan dandamali, makaɗi ya riƙa ba su umarni daga allo guda. Steve Lukather da Eddie Van Halen na cikin waɗanda ya yi wa aiki.

Daga nan kwamfuta ta shigo. A 1996 kamfanin Line 6 ya fitar da AxSys 212, amfilifayar da ke kwaikwayon sautin wasu amfilifayoyi ta hanyar lissafi, sannan a 1998 ya biyo da POD, 'yar jar na'urar da ta shiga ɗakunan naɗar sauti a ko'ina. Fractal Audio ya zo da Axe-Fx a 2006. A 2011 Kemper na Jamus ya kawo wata dabara: na'urarsa kan aika wa amfilifaya ta gaske wasu sautukan gwaji, ta saurari yadda take mayar da su, ta kwafi halinta. Helix ta fito a 2015, Boss Katana mai sauƙin kuɗi a 2016, sai Quad Cortex ta kamfanin Neural DSP na Finland da ta shiga kasuwa a 2021.

Duk waɗannan suna ajiye sauti a matsayin zubi: irin amfilifaya, irin lasifika, yawan gurnani, amsa-kuwwa, ƙarfin murya, duka a ƙarƙashin lamba ɗaya. Matsalar ita ce mai jita ba shi da hannun da zai murɗa komai. Ɗaya na danne tsirkiya, ɗaya na kaɗawa. Mai fiyano kan iya zare hannu ɗaya ya taɓa maɓalli kiɗa bai tsaya ba; mai jita in ya ɗaga hannu, shiru ya biyo. Tsakanin ƙarshen baiti da shigar amshi kuwa, sau da yawa rabin sakan ne kawai.

Wane harshe amfilifayarka take ji?

Wannan ce tambayar farko, kafin farashi, kafin sunan kamfani. A juya amfilifaya a duba bayanta, domin ramukan da ke wurin su ke faɗin irin allon da za ta karɓa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ramin jak na makunnin ƙafa. Babu wani saƙo a ciki, waya biyu ce kawai ake haɗawa ko a raba. Sai dai makunnan iri biyu ne. Akwai mai kamawa, wanda in an taka ya kan zauna a kunne har sai an sake takawa. Akwai mai saki, wanda ke haɗa waya muddin ƙafa na kansa kawai. Boss na sayar da su a matsayin FS-5L mai kamawa da FS-5U mai saki, kuma FS-6 ya haɗa biyu da za a iya saita kowanne yadda ake so. Wanda ya sa mai kamawa inda ake buƙatar mai saki zai ga sai ya taka sau biyu kafin abu ɗaya ya faru, ya ɗauka amfilifaya ce ta lalace alhali lafiyarta ƙalau.

Hanya ta biyu ita ce allon da kamfani ya ƙera wa na'urarsa kaɗai. GA-FC na Boss yana magana da Katana ta kebul ɗin jak mai zobe biyu. Kemper Remote da FBV na Line 6 suna amfani da kebul irin na haɗa kwamfutoci. FC-6 da FC-12 na Fractal suna bi ta kebul irin na makirufo. Alfanun wannan hanya babba ne: kebul ɗaya ke kai wuta da saƙo, fitilun allo suna nuna ainihin halin da amfilifaya ke ciki, manyan ciki har sunan zubi suke rubutawa, kuma babu wani saiti mai cin rai. Illarta ita ce ranar da aka sauya amfilifaya, allon ya zama kayan sayarwa. Kamannin fulogi kuma ba hujja ba ce. Kebul ɗin wannan kamfani ya shiga ramin wancan ba ya nufin za su fahimci juna, kuma tunda wuta na bi ta ciki, gwajin ganganci na iya ƙona wani abu. Ko a cikin jerin amfilifayoyin kamfani ɗaya, ƙaramar ciki kan rasa ramin da babbar take da shi.

Hanya ta uku ita ce MIDI, harshen da kusan kowa ke ji. An fito da shi a 1983, bisa jagorancin Dave Smith na Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan, waɗanda aka karrama da lambar Grammy ta fasaha a 2013 saboda wannan aiki. Ba sauti ke bi ta kebul ɗin MIDI ba, umarni ne zalla. Yana da tashoshi 16, ta yadda allo ɗaya zai iya yi wa na'urori da dama magana kowace a tasharta. Saƙo iri biyu ne suka fi damun mai jita. Na farko, wanda ake taƙaitawa da PC, yana cewa a koma zubi mai lamba kaza, daga 0 zuwa 127. Na biyu, CC, yana taɓa abu ɗaya a cikin zubi: kunna amsa-kuwwa, rage murya, fara naɗa a lufa. Saƙon yana tafiya a gudun bit 31,250 a sakan, wato umarnin CC guda kan isa cikin kusan kashi ɗaya cikin dubu na sakan, saurin da kunne ba ya kamawa. Ƙa'idarsa ta ce kada kebul ya wuce mita 15.

MIDI na da tarkuna uku da ke kama sabon shiga. Wasu na'urori daga 0 suke fara ƙirga, wasu daga 1, sai mutum ya kira zubi na 5 na 6 ya amsa. Ƙananan feda na yanzu sun bar tsohon fulogi mai ƙafa biyar sun koma ƙaramin jak, wanda ake haɗa wayoyinsa ta hanya biyu, nau'in A da nau'in B. A 2018 aka tsayar da A a matsayin ƙa'ida, amma tsofaffin kaya masu B suna nan a kasuwa. Tarko na uku yana wajen USB: dole ɗayan ɓangarorin ya zama mai masauki kamar yadda kwamfuta take, ɗayan baƙo. Yawancin amfilifayoyi baƙi ne, yawancin ƙananan alluna ma baƙi ne, in aka haɗa su kai tsaye babu abin da zai faru sai an sa wata na'ura a tsakani.

Akwai kuma amfilifayoyin atisaye irin su Spark na Positive Grid da ke karɓar umarni ta Bluetooth. Don sauya zubi a ɗaki wannan ya wadatar. Don lufa a gaban taro, inda jinkiri kaɗan ke ɓata bugu, waya ta fi aminci.

A ƙirga aiki, ba makunnai ba

Da an san harshen, sai a ɗauki takarda a rubuta waƙoƙin da ake kaɗawa, a ƙirga sau nawa ake sauya sauti a kowace. Yawancin makaɗa za su ga abubuwa huɗu ne ko biyar: sauti garau, mai ɗan kaushi, mai gurnani don kiɗan tilo, amsa-kuwwa, da makunnin daidaita tsirkiya da ke kashe sauti. Mai irin wannan buƙata allo mai makunni shida ya ishe shi. Allo mai goma sha biyu a wurinsa nauyi ne da ruɗani, domin a cikin duhun dandamali kowane ƙarin makunni ƙarin damar taka kuskure ne.

Abu na biyu da ya kamata a gwada da kunne shi ne giɓin da ke tsakanin zubi da zubi. Idan amfilifayar dijital ta koma sabon zubi, sai ta sauke tsohon lissafi ta ɗora sabo, kuma a na'urori da yawa ana jin ɗan yankewa, wutsiyar amsa-kuwwa ma ta gutsure. Kamfanoni sun magance wannan ta hanyar ba da damar ajiye yanayi da dama a cikin zubi ɗaya. Helix da na'urorin Fractal na ba da har takwas. Don haka allon da ya dace shi ne wanda ke iya kiran waɗannan yanayi, ba lambar zubi kaɗai ba. Dabarar da ta fi aiki ita ce waƙa ɗaya zubi ɗaya, sauye-sauyen cikin waƙa kuma a yi su da yanayi.

A kasuwar alluna masu jin MIDI, Behringer FCB1010 ya daɗe yana jan talaka: makunni goma, feda biyu masu lilo, jiki mai ƙarfi, farashi mai sauƙi. An san shi da wuyar saiti, har wasu masu fasaha masu zaman kansu suka ƙera masa sabon cif da ake cire na asali a sa. A ɗaya gefen akwai ƙanana irin MC6 da MC8 na Morningstar daga Singafo, masu allon rubutu, waɗanda ake saitawa ta kwamfuta, taku ɗaya ya aika saƙonni da yawa zuwa na'urori daban-daban.

Feda mai lilo, wadda ake dannawa gaba da baya don ƙara murya ko yin sautin wa-wa, ita ma tana da nata sharaɗi. A cikinta akwai abin murɗawa irin na ƙara muryar rediyo, galibi mai om 10,000 ko sama, kuma kamfanoni ba su haɗu a kan tsarin wayoyinsa ba. Alamar rashin dacewa ita ce sauti ya ƙi motsi sai a ƙarshen lilo ya yi tsalle, ko ya yi aiki a juye. Yawancin amfilifayoyi na da wurin koya musu iyakar fedar, sama da ƙasa. A yi wannan kafin a yanke hukunci.

Na'urar da ke yi wa makaɗi amshi

Aikin lufa kamar na 'yan amshi ne a gaban makaɗin gargajiya: ya ba su layi ɗaya, su riƙe suna maimaitawa, shi kuma ya sami sararin yawo a kai. Taku na farko ta fara naɗa, na biyu ta rufe zagaye ta shiga maimaitawa, na uku ta buɗe don a ɗora wani kiɗa a kan na farko.

Tunanin ya girmi kwamfuta. Les Paul ya riƙa ɗora jita a kan jita tun ƙarshen shekarun 1940. A 1963 a birnin Paris, Terry Riley ya yi aiki da na'urorin tef biyu da zare ɗaya ke ratsawa, ɗaya na naɗa ɗaya na maimaitawa. Brian Eno da Robert Fripp sun bi wannan hanya da na'urorin tef na Revox guda biyu a faifansu na 1973. A farkon shekarun 1990 Lexicon ya fitar da JamMan mai riƙe sakan 8, da za a iya ƙarawa zuwa 32. DL4 ta Line 6, ta 1999, sakan 14 take riƙewa, kuma da wannan ɗan lokaci makaɗa da yawa suka gina salonsu. Boss RC-20 ta 2001 ta haura minti 5. A 2004 mawaƙiyar Scotland KT Tunstall ta fito a shirin Jools Holland na BBC ita kaɗai da jita da lufar Akai Headrush, kuma wannan fitowa ta nuna wa jama'a da dama abin da lufa ke iya yi. A 2013 TC Electronic na Denmark ya kawo Ditto, makunni ɗaya da abin murɗawa ɗaya, mai riƙe minti 5. RC-5 ta 2020 kuwa tana ɗaukar awa 13 a ɗakunan ajiya 99.

Tsawon lokaci ba shi ne ma'aunin zaɓe ba, tunda yawancin zagaye ba ya wuce sakan 10 zuwa 30. Abin dubawa na farko shi ne daidaiton taku. A kiɗa mai bugu 120 a minti, kowane bugu rabin sakan ne. Idan makaɗi ya makara wajen rufe zagaye da milisakan 50 kacal, kowane juyi zai yi ɗan tuntuɓe, kuma in akwai mai ganga a gefe, bayan juyi 10 sun rabu da cikakken bugu guda. Saboda haka makunnin lufa ya zama mai laushi, mai amsawa a daidai lokacin da ƙafa ta sauka. Nan ne alluna masu wayo ke yaudara: idan aka ɗora wa makunni ɗaya aiki biyu, gajeren taku da dogon taku, dole allon ya jira ya ga ko za a ɗaga ƙafa, don haka sai a ɗagawa yake aika saƙo. Makunnin naɗa a bar shi da aikinsa ɗaya tak.

Na biyu shi ne tsayarwa. A lufa mai makunni ɗaya, sai an taka sau biyu da sauri take tsayawa. A ɗaki babu laifi. A gaban jama'a, inda ake so kiɗa ya yanke cak a kan bugu, makunnin tsayarwa na daban ya zama dole, ko a sayi mai biyu ko a ƙara na waje. Na uku shi ne janyewa, wato iya cire abin da aka ɗora na ƙarshe ba tare da rushe sauran ba. Na huɗu ya shafi masu kiɗa da injin ganga ko kwamfuta: su nemi lufa mai karɓar agogon MIDI, wanda ke aika alama 24 a kowane bugu, don kada zagaye ya zame. Mai son baiti daban amshi daban kuwa sai lufa mai layi biyu ko uku irin RC-300.

Inda aka ɗora lufa ma yana sauya komai. Idan tana gaban amfilifaya, busasshen sautin jita take naɗa, don haka da an koma zubi mai gurnani, duk abin da ke zagayawa zai koma gurnani ya cakuɗe. Idan tana bayan sarrafa sauti, a ramukan fita da dawowa da ke bayan amfilifaya, kowane kiɗa zai zauna da sautin da aka naɗe shi. Na biyun shi ake so a wasa. Na farkon yana da amfani wajen gyaran zubi: a naɗa ɗan kiɗa, a ajiye jita, a yi ta murɗawa ana saurare. Amfilifayar da ba ta da waɗannan ramuka ta taƙaita mai lufa ƙwarai, kuma gara a san haka kafin a biya kuɗi. Helix da Kemper da wasu daga jerin Fender Mustang suna da lufa a cikinsu, mai riƙe kamar minti ɗaya, amma a wasunsu ba a kaiwa gare ta sai da allon kamfanin.

A kula kuma a kasuwa: akwai wani akwati da shi ma ake kira lufa, wanda ba ya naɗa komai, aikinsa shigar da feda cikin layin sauti ko fitar da ita, irin Boss ES-8. A tambaya da kyau wanne ake nufi.

Ƙera naka da hannunka

Makunni mai sauƙi aikin yamma ɗaya ne ga duk mai iya riƙe ƙarfen liƙi da dalma: akwatin ƙarfe, makunni mai saki ko mai kamawa, ramin jak, waya biyu ko uku. Duk mai gyaran rediyo zai iya.

Allon MIDI ma bai fi ƙarfin mai himma ba. Zuciyarsa 'yar ƙaramar kwamfuta ce. Arduino, wanda aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005, shi ne ƙofar da aka fi shiga. Nau'insa mai cif ATmega32U4, irin Leonardo da Pro Micro, yana iya bayyana ga kwamfuta kai tsaye a matsayin na'urar MIDI ta USB. Akwai Teensy, akwai Raspberry Pi Pico da ya fito a 2021 a kan dala 4. Fitar da MIDI ta fulogi mai ƙafa biyar daga allo mai bolt 5 razista biyu kawai yake buƙata, kowanne om 220: ɗaya daga wuta zuwa ƙafa ta 4, ɗaya daga wayar saƙo zuwa ƙafa ta 5, ƙafa ta 2 kuma ta tafi ƙasa. A allo mai bolt 3.3 kamar Pico, ana sa om 33 da om 10. Wanda ke son allonsa ya karɓi saƙo daga amfilifaya, don fitilu su faɗi gaskiya, sai ya ƙara ɗan cif mai raba ɓangarori biyu da haske, irin 6N138. Wannan rabuwa ce ke hana ƙugin wuta bin kebul ɗin MIDI, kariyar da USB ba shi da ita. Manhajar da ke aika saƙonnin kyauta ce a intanet.

Wahalar tana cikin ƙananan abubuwa. Ƙarfen makunni in ya haɗu yakan yi 'yar rawa na wasu milisakan, kwamfuta ta ƙirga taku ɗaya a matsayin uku. Maganinsa a manhaja yake: a karɓi taɓawar farko nan take, a aika saƙo, sannan a toshe kunne na milisakan 10 zuwa 20. Feda mai lilo kuma Arduino na karanta ta daga 0 zuwa 1023, a matse zuwa 0 zuwa 127, kuma kada a aika saƙo sai lamba ta sauya da gaske, in ba haka ba allon zai cika layi da surutu. Akwati ya zama na alminiyum mai kauri irin jerin 1590 na Hammond, ko wanda maƙeri ya lanƙwasa. Ramin makunni milimita 12 ne. A bar tazarar da takalmi ba zai taka biyu tare ba, a ɗaga layin baya sama da na gaba, a ɗaure kowace waya yadda jijjiga ba za ta tsinke ta ba. Kafin a huda ƙarfe, a zana tsarin a kwali a taka da takalmin da ake hawa dandamali da shi.

Ƙera lufa kanta wani zance ne daban. Sauti mai ingancin faifan CD, layi ɗaya, yana cin bayit 88,200 a kowane sakan, alhali ƙwaƙwalwar aiki ta Arduino Uno bayit 2,048 ce, wadda ba ta riƙe ko kashi ɗaya cikin 40 na sakan. Mai son wannan hanya sai ya hau zuwa alluna irin Daisy Seed mai megabayit 64, ko Raspberry Pi da manhaja irin SooperLooper, ya kuma shirya yaƙi da ƙugi da jinkiri. Hanya mafi hikima ga yawancin mutane ita ce a sayi ƙaramar lufa, ko a yi amfani da manhaja irin Ableton Live a kwamfuta, sannan a ƙera allon da zai ba ta umarni. Tsarin da Ed Sheeran ya yi manyan wasanninsa da shi ma haka yake, allo ne da aka ƙera masa yana sarrafa manhaja.

Wuta da ƙura

Mai kaɗa jita a majami'un Jos da Kaduna, ko a bukukuwan Agadas inda makaɗan jita Bombino da Mdou Moctar suka yi tashe, yana da abokan gaba biyu da masu ƙera kayan nan ba su cika tunawa da su ba. Na farko wuta. Layinmu bolt 220 zuwa 230 ne, na Amurka 120, kuma ba kowace amfilifaya ce ke karɓar duka biyun ba. Kayan hannu da aka shigo da su a karanta rubutun bayansu kafin a soka a soket. Yawancin feda bolt 9 suke ci, da tsakiyar fulogi a matsayin nagetif, alhali adaftar dikoda da makamantanta galibi bolt 12 ce kuma a juye take. Shigarta rami ba ya nufin ta dace, kuma kuskure ɗaya ya isa ya kashe feda. Lufar dijital kan ja miliamfa 100 ko fiye, don haka batir ba ya daɗewa, adafta mai rauni kuma kan sa ta mutu a tsakiyar waƙa. Idan aka ɗauke wuta ko janareta ya yi tari, amfilifayar dijital sai ta sake tashi kamar kwamfuta, abin da ke cikin lufarta kuma yawanci ya tafi. Sitabilaiza da ƙaramin UPS suna cikin kayan kiɗa a nan.

Na biyu ƙurar hunturu, wadda ke shiga makunni da abin murɗawa har su fara ƙarar yashi. Feda masu aiki da haske, irin na Morley, ba su da abin da ke gogar juna a ciki, amma su ma suna son a rufe su bayan wasa. A nan ne allon gida ke da fifiko na gaske: wanda ya haɗa shi ya san kowace waya, makunnin da ya mutu ana sauya shi cikin mintuna, ba sai an jira saƙo daga ƙetare ba. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Ƙera kayan kiɗa da hannu ba baƙon abu ba ne a wannan yanki.

Hukunci

Mai amfilifaya ɗaya da ba ya shirin sauya ta, ya sayi allon kamfaninta ya huta. Mai na'urori biyu ko uku, ko mai yawan sauya kaya, ya nemi allon MIDI. Mai iya liƙi da ke da wata buƙata da kasuwa ba ta biya ba, ya ƙera nasa, ya fara da makunni huɗu. Sabon shiga lufa ya fara da mai sauƙi, ya ƙara mata makunnin tsayarwa, ya kwashe makonni yana koyon rufe zagaye a kan bugu kafin ya nemi babba. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Kafin ka biya ko sisi, juya amfilifayarka ka karanta ramukan bayanta, rubuta sauye-sauyen da waƙoƙinka ke buƙata, sannan ka gwada allon a tsaye, da jita a wuya da takalmi a ƙafa. Wanda ka iya takawa daidai ba tare da ka sunkuya ka duba ba, shi ne naka.